Jan Fenti a Majemar Nomau

Ku gyara zama. Sau ɗaya zan faɗa, in na kai ƙarshe kuma hukunci naku ne.

A garin Tsaunin Gwanki akwai wani tsohon majemi, Baba Nomau. Jimar fata ya tarar ubansa yana yi, uban ma haka ya tarar da nasa. Majemar tasu tana gangaren yamma, can bayan gari. Waɗanda suka kafa ta sun san sana'a ce mai wari, shi ya sa suka kai ta inda iska ke kwashe warin ta yi daji da shi, suka bar gonaki tsakaninta da gidan ƙarshe. Haka aka zauna shekara da shekaru, ba wanda ya kai ƙarar wani. Buzun da liman ke salla a kai daga nan ya fito. Gugan rijiya, fatar kalangu, kuben wuƙar mahauci, takalmin ango, duk daga ramukan Nomau.

Sai gari ya cika ya tumbatsa. Wani Alhaji Tambari, mai gina gidaje yana sayarwa, ya bi gonakin nan ɗai-ɗai ya saye. Ya je ofishin tsara gari, suka zana masa taswira, suka yanka fulotai, suka shafa wa gangaren gaba ɗaya launin ɗorawa. A wurinsu launin ɗorawa na unguwar kwana ne: ba maƙera, ba marina, ba majema. Wanda ya yi zanen bai taɓa taka gangaren ba. Inda ramukan Nomau suke, a takardarsa fili ne fetal.

Gini ya taho yana cin gona har ya zo bakin majema. Masu saye da idonsu suka ga ramukan, da hancinsu suka ji warin, suka saya don an yi musu sauƙi. Da suka tare, suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai suka tuna suna da hanci. Aka fara kai ƙara ofis. Su suka zo suka tarar da majema, amma majema aka ce ta tsare musu iska.

A wannan taswirar dai an ware filin makaranta, an ware hanya mai faɗi. Filin makarantar Alhaji Tambari ya mayar da shi shaguna. Hanyar kuma ya cinye rabinta da katanga. Ba wanda ya je can da fenti.

Majema aka zo da shi. Ana gab da Babbar Salla wasu samari biyu suka sauko daga ofis da gwangwanin jan fenti, suka zana ƙaton gicciye a jikin garun ƙofa. Baba Nomau ya fito yana dogara sanda, don idonsa ya yi rauni.

Ya ce, "Samari, lafiya kuke ɓata mini garu?"

Ɗayansu ya ce, "Baba, nan unguwar gidaje ce. Ba a sana'a mai wari a cikinta. Ku kwashe, katafila na zuwa."

"Tun yaushe ta zama unguwar gidaje?"

"Tun da aka zana."

"To, ni da aka zana a kaina, an tambaye ni?"

"Baba, mu aiko mu aka yi. Kai a taswira ma ba ka nan."

Nomau ya ce, "Ga ni kuwa kana magana da ni."

Suka rufe gwangwaninsu suka tafi.

'Ya'yan Nomau uku ne. Babbansu Korau, shi ne a ramuka tare da uban tun yana ƙarami, hannuwansa sun rine da ruwan bagaruwa, ga saurin fushi. Mai bi masa Tasalla, tana aure cikin gari a gidan mahauta, sana'arta kitso, babu zauren da ba ta ratsawa. Autansu Maiwada, magini ne. Shi tun tasowarsa ya tsani warin majema, ya gudu ya koyi gini, kuma a wurin Alhaji Tambari yake aiki. Da guminsa ya samu fuloti ɗaya a sabon yankan, wanda ke manne da majema, don shi ne kowa ya ƙi. Ya ɗora ɗaki da falo har ya kai linta, ana maganar aurensa.

Katafila ta zo tun kafin Salla. Alhaji ne ya matsa, yana son masu zuwa kallon gidaje da hutu su tarar da wurin a share. Da hantsi ta sauko gangaren, bayanta ma'aikatan ofis da masu kulki. Masu aikin majema suka watse. Korau kaɗai ya tsaya. Ya tuɓe riga, ya nufi ramin farko, wanda ke bakin ƙofa, ya shige har ƙirji. Ramin toka ne, inda ake tsoma ɗanyar fata don gashi ya saki. Ruwan da ke raba fatar bijimi da gashinta, ku auna abin da zai yi wa fatar mutum. Kuma katafila ba ta da hanyar shiga sai ta kan wannan ramin.

Direba ya leƙo ya ce, "Malam, fito mana. Ni ma iyali gare ni, aiki aka sa ni."

Korau ya ce, "Yi aikinka. Turo ƙasar."

"Kai mahaukaci ne?"

"Majemi ne. Turo."

Masu kulki suka kewaye ramin, kowa ya toshe hanci. Babbansu ya ce a shiga a fito da shi. Suka dubi ruwan, suka dubi kakinsu, ba wanda ya sa ƙafa. Aka jefa masa igiya, ya kama ya fizge ta cikin rami. Aka zage shi, aka lallashe shi, aka kawo uban ya yi masa magana. Nomau ya tsaya a bakin rami, ya ƙi ce masa ya fito, ya koma ya zauna. Rana ta take, ta karkata, Korau na tsaye, haƙoransa a cije. Wajen la'asar direba ya kashe inji ya sauko, ya ce shi bai taɓa binne mutum da rai ba, ba kuma zai fara a kan fatar akuya ba. Suka juya, ofis kuma ya tafi hutun Salla.

Da aka ciro Korau, fatar ƙafafunsa ta biyo wandon. Daga wurin mai magani aka zo aka ɗauke shi, wai ya hana hukuma aiki. A kulle ya yi Sallarsa. Amma majema na nan tsaye. Da bai shiga ramin nan ba, da ranar an baje ta, kuma ofis ba ya sauraron ƙara a kan abin da ya riga ya zama fili.

To, katafila hutu kawai ta tafi. Kowa ya san ana komawa aiki za ta dawo, wannan karon kuma ba Korau.

Sai Tasalla. Kun san layya ita ce kakar majemi. Kowane gida in an yanka, ranar nan ko washegari ake aika fata majema, a zuba mata gishiri kafin ta lalace. Abin da aka tara a waɗannan kwanaki shi majema ke ci har wata shekara. Tasalla ta ɗauki kibiyarta ta kitson Salla ta shiga gari gida-gida. Duk wadda ta kwantar da kai a cinyarta sai ta ji magana ɗaya: "Bana kada ku kai fata majema. An ce a takarda babu majema. Ku kai wa masu takardar, su nuna mana inda ake sa ta."

Ba kowa ya yarda ba. Liman ya aiko mata cewa wannan almubazzaranci ne, fatar layya ba abin wasa ba ce. Mijinta ya ce, "Tasalla, za ki ja mana. Mu ma mahautarmu a hannun mutanen nan take." Ubanta da kansa, da ya ji, sai da ya yi hawaye, ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa barin fata ta ruɓe ba. Ta ce, "Baba, ko ta bana ta ruɓe, ko ta kowace shekara." Ba ta fasa ba.

Mata suka yi nasu aikin a cikin gidaje. Washegarin Salla sai ga baro, ga amalanke, ga masu ɗauke da buhu a ka, duk sun nufi ofishin tsara gari. Ofis a rufe. Aka jibge fatu a bakin ƙofa, ɗanyu, ba gishiri, har tulin ya kai tsayin katanga. Rana ta yi ta dukansu har hutu ya ƙare.

Ranar komawa aiki tun daga kan kwana ake jin labari. Ƙudaje sun rufe ƙofa baƙi ƙirin, ungulaye sun jeru a kan rufi. Shugaban ofis ya zo, ya kasa buɗe gilashin motarsa. Masu shara suka ce su ba aikinsu ba ne. Aka nemi wanda ya san yadda ake yi da ruɓaɓɓiyar fata a duk garin, aka ce majema ne, babbansu Korau kuma yana kulle. Tasalla na tsaye a gefe da mayafinta, mata a bayanta. Aka nuna wa shugaban ita.

Ya sauke gilashi kaɗan ya ce, "Ke ce kika tara mana wannan ƙazanta?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙazanta ba ce, layyar mutane ce. Ta gidanka ma tana ciki, Hajiya ce ta bayar."

"Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Kowace shekara haka take taruwa, ranka ya daɗe. Ba ka taɓa ganinta ba ne don akwai inda take zuwa."

Ranar aka saki Korau, aka dakatar da katafila, aka ce za a zauna. Ofishin da ya ce Nomau ba ya nan, ya aika mota a ɗauko shi. Fatun kuwa ba ko ɗaya da ta tsira, rami aka haƙa a daji aka binne su. Majema ta shiga shekara ba kaka. Mijin Tasalla ya ce ta je gida ta huta tukuna, kuma har yau bai aiko ba. Amma da ba ta yi abin da ta yi ba, da wahalar Korau ta tashi a banza.

Aka zauna. A nan zan faɗi gaskiya, maƙwabta ba ƙarya zalla suka yi ba. Da, ruwan majema gona yake bi ya shanye. Yanzu gona ta zama gida, ruwan sai ya bi lungu ya kwanta a ƙofar mutane, yara na takawa. Ofis ya ce zai bar majema, amma da sharaɗi. A zagaye ta da katangar bulo. A gina rufaffiyar kwata mai kai ruwa rami. Sannan a bar tazara tsakaninta da gida mafi kusa, fili mai itatuwa wanda ba za a taɓa gini a kai ba. A gama kafin ruwan farko, in ba haka ba katafila ta dawo.

Ku ji fa. Tazarar da suke nema ita ce gonakin da su da hannunsu suka yanka suka ba Alhaji. Sun sayar da ita, sannan suka ce tsoho makaho ya nemo ta.

Ta yamma da kudu daji ne da kwari, ba matsala. Ta arewa hanya ce. Ta gabas, inda gidaje suke, fuloti ɗaya ne tsakani: na Maiwada. Alhaji Tambari ya gane haka kafin kowa. Ya kira shi ya ce, "Maiwada, kai yarona ne. Bar mini wannan fulotin, in ba ka wani a kan tudu, in rufa maka shi da kwano, ka sa amaryarka inda ba wari. Me za ka yi da ramukan da ka guje wa tun kana yaro?" Maiwada ya san in fulotin ya shiga hannun Alhaji, kafin mako an sa mutum a ciki, tazara ta mutu, majema ta bi ta. Ya ce, "Alhaji, zan yi shawara."

Bai yi shawara da kowa ba. Da safe ya ɗauki guduma da kurfi ya hau katangar ɗakinsa. Bulo ɗai-ɗai ya riƙa cirewa, a hankali don kada su fashe, shi da ya jera su da hannunsa. Da su ya ja katangar majema. Rodin lintarsa da shi ya rufe kwata. Ƙofar da ya saya wa amarya ita ya kafa a bakin majema. Ya ɗaure hanci da tsumma mai turare, duk da haka in iska ta juyo sai ya koma gefe ya yi amai, ya dawo ya ɗauki cokalin gini. Korau na zaune a inuwa da ƙafafu a naɗe, ya ce, "Auta, ashe hancin naka na shiga nan?" Maiwada ya ce, "Yaya, miƙo bulo ka yi shiru."

Alhaji ya kore shi, ya kuma bi sauran masu ba da gini ya ɓata shi. Iyayen yarinya suka zo suka ga inda ɗaki yake an dasa darbejiya, suka ce su ba za su kai 'yarsu gindin itace ba. Maganar aure ta mutu. Hadari na haɗuwa a gabas Maiwada ya shafe bulon ƙarshe. Ma'aikatan ofis suka zo da igiyar awo, suka auna, suka sake aunawa, suka leƙa kwata, ba su ga aibu ba. Da bai rushe ɗakinsa ba, da ramin Korau da fatun Tasalla duk sun zama labari.

Ofis ya ɗauko taswira ya ɗiga wa majema wani launi, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar gero a tsakiyar ɗorawa. Kowa ya ce alhamdu lillahi. Sai suka karanto sauran. Majema da tazararta fuloti ɗaya ne. Suna ɗaya za a rubuta. Ba a raba shi, ba a kwana a cikinsa, kuma ranar da aka daina jima ko aka raba, izini ya faɗi, wurin ya koma unguwar gidaje.

Nomau ya ce a rubuta sunansa. Wani mai tausayi a cikin ma'aikatan ofis ya ja shi gefe ya ce, "Baba, Allah ya ja kwana, amma in ka faɗi rabon gado za a yi. Ana rabawa izini ya tafi, Alhaji kuma yana nan yana jira. Ka ba ɗaya kyauta tun kana da rai." Nomau ya ce to a rubuta su ukun. Aka ce doka ba ta yarda ba. Dokar da ta ga filin makaranta ya zama shaguna ta kau da kai, ita ce ta kasa ɗaukar sunan 'ya'yan mutum uku. Aka ce ya je ya kawo suna kafin watan ya fita, in bai kawo ba maganar ta warware.

Ya tara dattawan gangare a ƙofar majema. 'Ya'yan na zaune, ba wanda ya roƙa. Korau ya ce shi a ba wanda aka ga dama, ramin dai ba mai fitar da shi. Tasalla ta ce ita ba don fili ta yi ba. Maiwada ko kai bai ɗaga ba.

Dattawa ne suka rabu. Wasu suka ce Korau: shi ya ba da jikinsa, shi kaɗai ne ya iya jima, izinin kuma da jima yake raye. Aka ce musu ƙafafunsa ba su ƙara jure ruwan toka, ga zuciya, ofis kuma ya riƙe fuskarsa, kuskure ɗaya suke jira. Nomau kansa, in Korau ne, sai ya buɗe baki a gaban hukuma ya ambaci sunan ɗan fari, abin da kunya ba ta taɓa barinsa ya yi ba.

Wasu suka ce Tasalla: ita ta durƙusar da ofis, ita gari ke ji, in gobe aka sake sabon zane ita ce za ta iya tsayawa, ga shi kuma aurenta na rawa saboda majema. Aka ce musu ba ta taɓa jeme fata ba, ta ruɓar da kakar shekara guda, kuma bayanta 'ya'yan mahauta ne za su gada, majema ta bar gidan Nomau.

Wasu suka ce Maiwada: ɗaki, aiki, aure, duk ya zuba a ciki, kuma wani ɓangare na ƙasar da za a rubuta tasa ce tun asali, in aka ba wani an ƙwace masa sau biyu. Aka ce musu mutumin da ke amai in iska ta juyo ba zai riƙe majema ba, kuma magini ne, wata rana zai dubi filin nan ya ga ɗakuna.

Wata ya kusa fita. Baba Nomau na zaune a ƙofa, bai aika kowa ofis ba tukuna.

To, ku da kuka ji, sunan wa zai kai? Korau da ya tsaya a ramin toka, ko Tasalla da ta kai wa ofis layyar gari, ko Maiwada da ya rushe ɗakinsa? Wane ne a cikinsu ya fi cancanta a rubuta?